Ɗan ƙarfen da ya ci min kwana biyu

Mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Na san laifina ne wannan shirun, kada ka fara. Bari in sauke abin da ke cina, don kai kaɗai za ka gane zafinsa.

Injin Ford 302 ɗin nan da ka ce ba zan gama shi ba sai na yi furfura, na haɗa shi. Na ɗaure famfon baƙin mai, na rufe kaskon ƙasa da sabon gasket, muka sauke injin cikin mota. Ina share hannu sai na hango sandar da ke juya famfon kwance a kan benci tana kallona. Ka san ta, siririyar nan mai kusurwa shida, kaurin kwatan inci, wadda distiributa, mai raba wa fulogogi wuta, ke juyawa daga sama. Ta ƙasa ake shigar da ita tare da famfo, domin akwai ɗan washa a wuyanta da ke tokare jikin injin, ya hana ta biyo distiributa idan an zare shi. Ni da wayona sai na cire washan, na zura ta ta sama. Na ce wa kaina wa zai sani?

Da na saka distiributa sai ya ƙi zama, ya tsaya da ɗan tsiririn fili tsakaninsa da mazauninsa. Yaron nan nawa har ya ɗauko sufana zai danne shi da noti. Na daka masa tsawa, don da ƙarfi ake murɗe sandar ko a fasa famfo. Na ɗaga distiributa in sake gwadawa, sandar ta maƙale ta biyo shi, ta suɓuce. Sai ƙarar nan, ƙwal, can cikin kasko. Wallahi har cikin haƙorina na ji ta.

Kana dariya, na sani. Kai ba kai ne ka sayo min sandar injin Ford 351 mai kaurin 5/16 na inci ka rantse duk ɗaya ne ba?

Awa biyu ina kamun kifi da maganaɗisu, a banza. Washegari na ɗaga injin, na kwance kasko, na yi asarar gasket, na cire famfo, na mayar da washan, na shigar da ita ta ƙasa yadda ya kamata tun farko.

To distiributa ya sake tsayawa a sama kamar da. Ashe ba wata cuta ba ce: haƙoran giyarsa a karkace suke, yana shiga yana juyawa, sai bakinsa bai dace da kusurwoyin sandar ba. Na ɗora hannu a kansa, yaron ya juya kiranshaf, babbar sandar da ke juya injin, kaɗan da sufana, sai ya faɗa da kansa. Da na yi wannan haƙurin tun ranar farko!

Saura abin kunya ɗaya. Kafin in saka shi sai da na juya famfon da injin huda don mai ya zaga, gejin mai ko motsi. Gumi ya keto min. Sai na tuna na Ford hagu yake juyawa, ni kuwa ina ta kai shi dama irin na Chevrolet ɗinka. Ina sauyawa, huda ta yi nauyi a hannuna, allura ta tashi, mai ya fito har sama.

Ban tayar da shi ba tukuna, sai Asabar. Ka bar wayarka a kunne, sai ka ji kukansa ko ka ji nawa. Ka gaida uwargida da yara.

Naka,
abokinka mai baƙin hannu