Rahoton Ayyukan Shekara: Horo Kan Cire Sitod da Wuta

'Yan uwa mambobi, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Taruka sun gudana yadda aka tsara, batun kuɗi kuma ma'aji zai kawo a nasa rahoton. Abin da ya fi cin lokacinmu a bana shi ne horar da yaranmu masu koyon aiki yadda ake cire sitod da ya cije a jikin injin. Sitod shi ne ƙusar nan marar kai, mai tiredi (zaren da noti ke hawa) a kowane ƙarshe.

Ƙorafi ne ya yi yawa. Yaro ya sa sifana, ya ƙara mata bututu, ya danna iya ƙarfinsa, sai ka ji ƙas, sitod ya karye daidai bakin rami. Aikin minti goma ya koma na yini guda.

Mun nuna musu dalili. Sitod ƙarfe ne, jikin injin kuwa galibi alminiyum. Idan danshi ya shiga tsakaninsu, wani farin gari yakan taru a tiredi ya kama kamar siminti. Amma alminiyum in ya ji zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka kewayen ramin ake gasawa, ana zagayawa da wutar, ba kan sitod ɗin ba. Sai a ɗaure noti biyu su cije juna, a ɗan ƙara ɗaurewa tukuna, sannan a riƙa gaba da baya ana ɗiga mai. Inda aka sa jan gam na tiredi, sai zafi ya kai wajen digiri 250 a ma'aunin Salshiyas yake saki. Wanda ya riga ya karye, a yi masa waldar noti a kai. Zafin waldar ma yana taimakawa.

Abin da ya fi damuna shi ne alminiyum ba ya yin ja ya gargaɗe ka. A digiri 660 sai dai ka ga ya zube kamar kitse. Mun narkar da gefen wani mataccen injin a gabansu, wurin ya yi tsit. Mun kuma ja kunne kan tsofaffin Volkswagen Beetle, da jikin injinsu akwai magnesiyum: in ta kama wuta, ruwa ƙara mata ƙarfi yake yi. Kafin a kunna wuta, a zuke fetur, a cire robobi da gaskit.

Inda muka gaza: ba mu sayi na'urar auna zafi daga nesa ba. Kwamiti na neman amincewarku a taro mai zuwa, kafin a fara horon sabbin yara.

Sakataren ƙungiya