Takardar Koke Kan Baƙin Hayaƙi da Buƙatar Wutar Sola

Zuwa ga Mai Girma Sarkin Hausawa,
Daga mazauna unguwarmu a Fatakwal, Jihar Ribas.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ban girma da addu'ar Allah ya ja zamaninka, mu talakawanka, mahauta da 'yan gwari da masu shayi da malaman allo, mun kawo kukanmu gare ka, domin kai ne ubanmu a wannan ƙasa da muka zo neman abinci.

A makon jiya kunkunniya ta sauko cikin dare fiye da yadda muka saba gani. Da asuba muka tarar ta rufe tabarmin masallaci, ta kwanta a kan ruwan alwala, kilishin da aka shanya kuwa zubar da shi aka yi. Yaran makarantar allo suka tashi da tari, ana share musu hanci ana ganin baƙi a jikin ƙyalle, har aka kwantar da wasu a asibiti. Ranka ya daɗe, tun 2016 muke shaƙar wannan hayaƙi na haramtattun matatun ɗanyen mai da na iskar gas da ake ƙonawa dare da rana, amma abin da ya taɓa yara ya wuce haƙuri.

Mun rubuta takardu, mun aika wakilai, an zo an ɗauki hotuna, an ce a saurara, shiru kake ji. Dokar 1979 ta sa 1984 a matsayin wa'adin daina ƙona gas, Babbar Kotun Tarayya a birnin Benin na Jihar Edo ta yanke hukunci a 2005 cewa ƙonawar ta saɓa wa haƙƙin rayuwa, sannan a 2021 Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya a birnin Glasgow cewa za ta kawo ƙarshen ƙara hayaƙin kabon nan da 2060. Mu dai harshen wutar muke hangowa kullum, gidajenmu kuma suna cikin duhu.

Abin takaicin shi ne rashin lantarki ya sa mu ma muna ƙara wa kanmu hayaƙi, domin kowane shago da janareta a ƙofarsa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ribar mai shayi a tankin janareta take ƙarewa. Wannan kason na hayaƙin ana iya yanke shi da farantan sola da batura.

Saboda haka muna roƙonka, Allah ya ƙara maka nasara, ka kai maganarmu gaban shugaban ƙaramar hukuma da Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, a sa mana sola a rijiyar burtsatse da masallaci da layin mahauta, a kafa fitilun sola a kan titi. Muna kuma roƙo ka zauna da sarakunan masu ƙasa, domin dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da ayyukan kamfanoni ga al'ummomin da ake haƙo mai a yankinsu. Ba gardamar rabo muke yi da su ba, iska ɗaya muke shaƙa da su, don haka a tuna da unguwarmu idan aikin sola ya tashi. A turo likitoci su duba ƙirjin yaranmu, kuma mu sake roƙo, a fara da burtsatsen.

Muna jiran ranar da za ka kira mu fada.

Naka masu biyayya,
Dattawa da matasan unguwa.