Zuwa ga Aminina a Gembu, a Kan Motar da Ke Mutuwa a Hawa

Gwammaja,
Birnin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya tare da uwargida da yara, kuma sanyin Mambila bai takura muku ba. Mu nan Kano zafi ya kai inda ya kai, sai dai mu ce alhamdu lillahi. Saƙonka ya iso, haka ma ganyen shayin Kakara da ka aiko, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Na karanta bayanin da ka yi game da motarka har sau biyu, domin kamar labarin tawa kake ba ni. Ka ce da safe tana tashi bugu ɗaya, tana tafiya sumul a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma da zarar ka bar Mayo Selbe ka kama hawan dutse sai ta fara shessheƙa, ƙarfinta ya riƙa raguwa ko da ka danne totur, daga nan ta mutu, kuma idan ka bar ta ta huta na ɗan lokaci sai ta tashi kamar babu abin da ya faru. Ka kuma ce bakanikenka ya yanke hukuncin cewa famfon mai ne, yana so ka aiko Kano a sayo sabo. Ina roƙonka ka dakata da wannan sayayya har ka gama karanta wasiƙar nan, saboda ni ma ta wannan ƙofa na shiga bara, kuma kuɗin da na zubar kafin a gano gaskiyar ciwon ya isa a yi wa motar sababbin tayoyi.

Ka san motata, Land Cruiser ce ƙirar 1994 mai injin fetur 1FZ-FE, silinda shida, lita 4.5, wato irin taka ce sak. Ta fara yi mini wannan hali ne a kan hanyar Riruwai, inda nake zuwa duba gona, bayan an wuce Tudun Wada an ratsa dajin Falgore. Duk wanda ya san wannan daji ya san ba wurin da mutum zai so ya buɗe bonet yana jiran inji ya huce ba ne, don haka ina dawowa gida na nufi gareji. Bakanike na farko ya canza fulogi shida. Na biyu ya cire nozul, wato masu fesa mai cikin inji, ya wanke, ya ce magana ta ƙare. Na uku shi ne ya ce famfo ne, muka je Ƙofar Ruwa na sayo wani mai sauƙin kuɗi a cikin kwali mai sheƙi, aka ɗaura, motar ta yi mako biyu lafiya, sannan ta koma gidan jiya. Abin da ya haɗa su ukun shi ne babu wanda ya auna komai. Kowannensu ya saurari ƙarar inji a cikin gareji, inda motar ba ta taɓa mutuwa ba, ya faɗi abin da ya fi saba canzawa.

Wanda ya warware matsalar wani dattijo ne a Kwakwaci da wani direban babbar mota ya kwatanta mini. Kafin ya taɓa sifana sai da ya zaunar da ni ya tambaye ni yadda take mutuwa. Ya ce idan mota ta ɗauke farat ɗaya kamar an murɗe makulli, allurar da ke nuna juyin inji ta faɗi ƙasa nan take, to a fara neman laifin a wajen wuta, wato kwayil ko distiributa ko wata waya da ta saki. Idan kuwa tana sarƙewa tukuna, tana fizga, ƙarfi yana zurarewa a hankali kafin ta mutu, to yunwar mai ce. Tawa ta biyun ce, kuma bisa ga bayaninka taka ma haka take, amma ka sake lura da kyau a tafiya ta gaba, domin wannan bambanci shi ne ke raba hanya.

Daga nan ya ɗauko geji na auna matsin mai ya ɗaura a kan layin da ke kai mai ga nozul. A cikin ɗakin injin motocinmu akwai wani ɗan akwati da aka rubuta DIAGNOSIS a murfinsa, kuma idan aka haɗa ramin da ke da alamar +B da mai alamar FP da guntuwar waya, aka buɗe makulli ba tare da an tayar da inji ba, famfo zai kama aiki shi kaɗai har ka ji kukansa daga baya. Abin da Toyota ta ƙayyade wa wannan inji a wannan gwaji shi ne 38 zuwa 44 a ma'aunin psi, wato kimanin kilo 3 a bakin makanikai. Idan inji yana silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, lambar takan ɗan sauka, kuma wannan daidai ne, domin akwai regileta da ke rage matsin gwargwadon iskar da inji ke zuƙa ta wani siririn tiyo, idan aka zare tiyon sai lambar ta koma sama. Bayan an kashe mota kuma ya kamata matsin ya tsaya a sama da 21 har tsawon minti biyar. Idan ya zube nan da nan, to ko dai bawul ɗin da ke cikin famfo ba ya riƙewa, ko regileta tana sakin mai, ko wani nozul yana ɗiga, kuma irin wannan ce ke sa mota ta yi ta gurnani kafin ta tashi idan ta yi zafi.

Abin mamaki, tawa ta ci duk waɗannan gwaje-gwaje. Na fara murna, sai dattijon ya ce mara lafiyan da ke suma a gona ba a tabbatar da lafiyarsa a kan tabarma. Ya ƙara tsawon tiyon gejin, ya fito da shi ta gefen bonet, ya manne shi da salatif a wajen gilashin gaba ta yadda za mu riƙa ganinsa daga ciki. Ka lura na ce a waje, kada ka yarda a shigo da tiyo mai ɗauke da fetur cikin mota. Muka fita da rana tsaka ta hanyar Dawanau, muka sauka daga kwalta muka shiga burji mai gargada. Kusan minti arba'in allurar tana nan daram. Sannan ta fara rawa, duk lokacin da na taka totur maimakon ta ɗaga sai ta sunkuya, ta sauko 30, ta sauko 20, motar ta fara shessheƙar da na sani, ta mutu a gefen wata gona.

Abu na farko da ya yi bayan mun tsaya shi ne buɗe murfin tanki yana kasa kunne. Ya ce idan hanyar numfashin tanki ta toshe, da ƙura ko da taɓo, famfo yana jan mai iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har a kai inda famfon zai kasa ja, kuma alamar ita ce ka ji tankin ya zuƙi iska da ƙarfi idan ka buɗe, motar kuma ta tashi nan take. Wannan gwaji kyauta ne, kai da kanka za ka iya yinsa a kan hawan. Tawa ba ta yi haka ba. Muka jira kamar sulusin awa, allura ta koma 40, muka dawo gari.

A gareji ya fara da regileta, ya zare siririn tiyonta ya shinshina, domin idan robar da ke cikinta ta yage fetur yakan biyo ta nan, motar ta riƙa baƙin hayaƙi da shan mai. A bushe yake. Sai ya koma kan filta, wadda a wannan inji take maƙale a ƙarƙashin manifol, wurin da hannu ba ya kaiwa sai da wahala, shi ya sa yawancin makanikai suke yi kamar ba su san da ita ba. Da aka ciro ta aka zazzage, abin da ya fito ruwa ne ja kamar na kududdufi. Ya ce filta ba ta ƙirƙirar datti, daga wani wuri yake zuwa, don haka sai an sauke tanki.

A nan gizo yake saƙa. Ƙasan tankin cike yake da tsatsa da laka da ruwa, kuma 'yar ragar da ke bakin famfo, wadda suke kira safa, ta yi baƙi ƙirin duk da cewa ba ta fi wata biyu da ɗaurawa ba. Wanda ya canza mini famfo ta ƙofar da ke ƙarƙashin kujerar baya ya bi, ya zaro tsohon ya zura sabon, bai haska cikin tankin ba. Dattijon ya yi mini bayanin da ya sa komai ya zauna daidai a kaina. Idan mota tana kan kwalta, dattin yana kwance a ƙasa bai dami kowa ba. Idan ta shiga gargada ko ta kama hawa, mai yana kaɗawa, dattin ya tashi, famfo ya jawo shi ya manne a jikin ragar har ta toshe, a daidai lokacin da inji ya fi bukatar mai. Idan ta mutu jan ya tsaya, dattin ya saki ya koma ƙasa, shi ya sa hutun minti ashirin yake zama kamar magani. Ga shi kuma famfon da ke fama da toshewa yana ɗaukar zafi, kuma man da yake ninƙaya a ciki shi ne ke sanyaya shi.

A wannan gaɓa ba zan ɗora wa makanikai laifin duka ba, ni ma ina da kasona. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, na koma zuba lita goma ko sha biyar a tankin da ke cin lita 95, ina yawo allurar mai tana kwance. Tanki wanda rabinsa iska ce yana tara raɓa a ciki, raɓa ta zama ruwa, ruwa ya haifi tsatsa. Idan na je ƙauye kuma mai ya yanke, wajen 'yan bumburutu nake saye daga jarkar da ban san abin da aka taɓa zubawa a cikinta ba. Kai da kake zaune a wuri mai sanyi da hazo da doguwar damina, wannan batu na raɓa ya fi shafarka fiye da ni.

Akwai laifi na biyu da ya ɓuya a bayan na farko, wanda ba don dattijon mai bin diddigi ba ne da an mayar da tanki ba a gan shi ba. Ya sa mai rewaya ya auna wutar da ke isa famfo. A kan batir mita ta nuna 12.5, amma a soket ɗin da ke saman tanki da ƙyar ta kai 10, kuma idan aka girgiza wayar lambar tana tsalle. Da aka buɗe soket ɗin, bakinsa ɗaya ya yi baƙi, robar ta narke, wayar at kuma, wato wadda ke mayar da wuta ta jikin mota, ta yi tsatsa a inda aka ɗaure ta da jikin mota. Sai dai ka gargaɗi mai rewayarka da abu guda: a wannan mota, idan inji yana silo, wutar famfo tana bi ta wata resista da gangan domin a rage masa gudu, sai an taka mota sannan rile ya ba shi cikakkiyar wuta. Wanda bai san haka ba zai auna a silo ya ga wuta ta yi ƙasa ya ce ya kama ɓarawo. A auna ta da waccan guntuwar waya ta +B da FP, inji a kashe, kuma a tuna a cire wayar idan an gama.

Abin da aka yi a ƙarshe shi ne an wanke tanki an shanya shi, an sa sabuwar raga da sabuwar filta, an canza soket, an kankare wurin at. Famfon da na sayo mai araha ya riga ya gaji, sai muka mayar da nawa na asali, ƙirar Denso, wanda Allah ya sa ban jefar ba, kuma da aka gwada shi lafiyarsa ƙalau. Tun daga lokacin na je Riruwai sau biyar, har da cikin damina, ba ta sake yi mini ko tari ba.

Ba na cewa lallai ciwon motarka shi ne na tawa. Mai yiwuwa bakanikenka ya yi gaskiya, domin famfo ma yana tsufa, kuma wanda ya tsufa yakan gaza ne idan ya yi zafi. Ka kuma tuna cewa a tsayin da kuke, sama da mita 1,500, iska ba ta da kauri, kowace mota tana rasa wani abu na ƙarfinta, amma wannan ba ya kashe inji. Abin da nake so shi ne a ga allura tana faɗuwa da ido kafin a kashe ko sisi, kuma idan ta faɗi a matse tiyon da ke mayar da mai tanki na daƙiƙa biyu ko uku kawai: idan lambar ta yi sama, famfo yana da ƙarfi, regileta ce ke zubarwa, idan kuwa ba ta motsa ba, a nemi laifin daga filta zuwa tanki. Duk lokacin da za a kwance layin mai a cire kan batir tukuna, a naɗe mahaɗar da tsumma saboda man yana fita da ƙarfi, a yi aikin a fili nesa da mai shayi da masu shan taba, kuma kada a bar yaron gareji ya zuƙi fetur da baki.

Na san samun geji a Gembu zai yi wuya, don haka na sayi ɗaya tare da filta da raga ta asali, zan ba direban da ke zuwa Jalingo ranar Asabar, kai kuma ka sa wanda zai karɓa ya hau maka da su. Famfo ban saya ba, sai na ji lambar da kuka gani a kan hawan Mayo Selbe. Kafin kayan su iso, ka cika tankin ya haura rabi ka gwada hawan, ka rubuto mini ko ta canza hali.

Ka gaishe mini da uwargida da yara, da dukkan abokan arziki. Hajiya tana gaishe ka, tana tambaya ko za mu gan ku da Babbar Salla.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Gwammaja.