Wasiƙa zuwa ga 'yata mai shirin shiga binciken ƙwayoyin nano

Agege, Legas.

Assalamu alaikum Mamana,

Bayan gaisuwa, ya karatu, ya fama da cunkoson hanyar Akoka? Umminki ta gaya min kin tsayar da shawara, digiri na biyu za ki yi a kan ƙwayoyin nano, 'yan mitsi-mitsin nan da ido ba ya gani, masu ɗaukar magani zuwa inda ciwo yake a jiki. Allah Ya sa albarka. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Haɗa ƙwayar nano ba wuya, ɗalibin aji uku ma zai haɗa a yini guda. Wahalar tana wajen tabbatar da abin da aka haɗa, da kuma sake haɗa irinsa sak bayan mako biyu. Da wannan ake gane mai bincike, kuma a nan nake so ki zuba ƙarfinki.

Ki fara koyon hannu da zinariya, ta hanyar Turkevich ta 1951. Ki wanke kwalabe da gaurayen asid mai narkar da zinariya, kashi uku na haidurokulorik da kashi ɗaya na naitirik, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi. Kada ki taɓa toshe bakin kwalbar wannan gaurayen, iska yake fitarwa, kwalbar na iya fashewa. Ki tafasa mililita 100 na ruwan gishirin zinariya mai ƙarfin milimola 1, yana tsaka da tafasa kina juyawa da ƙarfi, ki zuba mililita 10 na sodiyam sitiret mai ƙarfin milimola 38.8 a lokaci guda. Ruwan ɗorawa ne da farko, sai launin ya ɗauke, ya yi duhu, sannan ya koma ja kamar zoɓo. Ki bar shi minti goma a wuta. Za ki samu ƙwayoyi masu girman kusan nanomita 13 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), na'urar auna haske kuma za ta nuna ƙololuwa wajen nanomita 520 na tsawon zangon haske. In ya fito shuɗi ko ruwan makuba, ƙwayoyin sun cure, kuma galibi dattin kwalba ne ko gishiri a cikin ruwa. Irin wannan zinariyar ce ke ba da jan layi a yawancin 'yan sandunan gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake sayarwa a kemis. Ki maimaita har sau biyar a ranaku dabam-dabam. Sai sakamakon biyar ɗin ya zo ɗaya za ki ce hannunki ya faɗa.

Yanzu awo. Na'urar DLS da haske take auna girma, kuma tana da son kai: ƙwayar da ta ninka 'yar'uwarta girma sau goma tana watsa haske ninki miliyan ɗaya. Ƙura ƙwaya biyu a cikin ruwan ta isa ta ɓata miki lissafi, balle a lokacin hunturu. Ki tace duk ruwan da za ki yi aiki da shi da matata mai ƙofar maikuron 0.22. Ki duba lambar PDI, wadda ke nuna ko girman ƙwayoyin ya zo kusa da juna: ƙasa da 0.2 madalla, sama da 0.3 ki koma ki sake haɗi. Cajin fuskar ƙwaya, wato zeta, ana son ya wuce milibolt 30 ta kowane ɓangare don su riƙa tunkuɗe juna, amma waɗanda aka lulluɓe da PEG, wani sinadari mai son ruwa da ke zame musu riga, cajinsu kan kusanci sifiri kuma ba sa curewa, kada hankalinki ya tashi. Hoton madubin lantarki na TEM kuwa, ki ƙirga ƙwaya 200 aƙalla kafin ki faɗi girma. Hoto ɗaya mai kyau da aka zaɓo ba hujja ba ne. Kuma DLS kan ba da lamba mafi girma daga TEM, domin har da rigar ruwan da ke kewaye da ƙwayar take aunawa.

Idan kin zo ɗaura magani, PLGA za ki fi haɗuwa da shi, folima ce, wato sinadari mai dogon zare irin na roba, da jiki ke narkarwa ta koma asid laktik da gilaikolik. Ki narkar da miligiram 50 nasa da miligiram 5 na magani a mililita 5 na asiton, ki riƙa ɗigawa da sirinji cikin mililita 20 na ruwa mai kashi 1 cikin 100 na PVA, folimar da ke hana ƙwayoyin curewa, ana juyawa. Ki bari asiton ya tashi gaba ɗaya, ki wulwula a santirifuj, ki wanke sau biyu ko uku. Abubuwa uku ke ɓata wannan aiki. Maganin da ke narkewa a ruwa guduwa yake yi ya bar folimar, sai ki ga ɗan kaɗan ne ya shiga, irinsa sai an bi ta hanyar gauraye mai hawa biyu. Na biyu, in rabin maganin ya fita a awannin farko na gwaji, a bayan ƙwayar ya maƙale, bai shiga ciki ba. Na uku damshin Legas. PLGA a firiza yake zama, kuma in kin ɗauko kwalbar ki bari sanyin ya sake ta kafin ki buɗe, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kai ta fara cin folimar ba ki sani ba. Wajen busarwa da sanyi ki sa sukurozi ko tirehalos kashi 5 cikin 100, don garin ya sake watsuwa a ruwa ba gudaji.

Jiki kuma ba kwalba ba ne. Ƙwaya na shiga jini furotin ke lulluɓe ta, hanta da saifa su kwashe mafi yawa, ƙanana ƙwarai kuma su fice ta ƙoda. A 1986 Matsumura da Maeda a Japan suka nuna cewa jijiyoyin jinin ƙarin ciwon daji suna yoyo, manyan ƙwayoyi kan taru a wurin, aka ɗora dogon buri a kai. A 2016 ayarin Warren Chan na Toronto ya tattara binciken shekara goma a kan dabbobi, ya tarar kashi 0.7 cikin 100 ne kacal na abin da aka yi allura ke isa ƙarin. Don haka ki ji kunyar rubuta cewa ƙwayarki na zuwa inda ciwo yake kai tsaye sai kin auna. Waɗanda suka yi nasara ma ba da alfahari suka yi ba. Doxil, da Amurka ta amince da shi a 1995, tsohon magani ne doksorubisin aka sa a ƙunshin kitse, babban amfaninsa rage illa ga zuciya. Alluran korona na Pfizer da Moderna na 2020 kitse iri huɗu ne suka naɗe saƙon mRNA, mai umartar jiki ya haɗa furotin, na Pfizer kuma da farko sai a sanyin digiri 70 ƙasa da sifiri yake ajiyuwa.

Wannan sanyin ya kamata ya nuna miki inda aikinki yake. Mu zafi gare mu da ɗaukewar wuta. Ƙunshin da zai jure digiri 40 ba firij, ko wanda zai sa lumefantirin na maganin zazzaɓi ya shiga jini ko marar lafiya bai ci abu mai maiƙo ba, ya fi mana amfani nesa ba kusa ba. Abin da ba na so miki shi ne yayin da ake yi na dafa ganye a zuba ruwan azurfa, launi ya juya, a ce an yi nano. Ganyen damina da na rani ba ɗaya ba ne, ba wanda zai iya maimaitawa, takardu irin wannan kuwa sun yi yawa.

Kafin ki zaɓi malamin da zai duba aikinki, ki tambayi ɗalibansa, ban da shi kansa: wace na'ura ce ke aiki yau, ina ake kai samfuri, nawa ake biya, wata nawa ake jira. In za a aika samfuri wata jami'a, ki auna shi kafin ya tafi, domin ƙwayar da ta kwana biyar a mota ba ita ce kika haɗa ba. Ki ƙulla zumunci da masu ilimin magunguna a Idi-Araba da masu bincike a NIMR, cibiyar binciken lafiya ta ƙasa da ke Yaba, tun da gwajin ƙwayoyin halitta da na ɓeraye ba aikin mai kemistiri shi kaɗai ba ne, kuma sai da izinin kwamitin ɗa'a tun kafin a taɓa dabba. Ki ƙware sosai a HPLC, na'urar rarrabe sinadarai da auna yawansu. Ko bincike ya yi tsami, kamfanonin magani na Ikeja da Ota da ɗakunan gwajin NAFDAC da ita suke aiki kullum.

Littafin aikinki da biro, da kwanan wata, da lambar kowace kwalba, har lokacin da wuta ta ɗauke aka tada janareta. Hijabin auduga za ki riƙa sawa a lab, ki cusa shi cikin farar riga, na leda saurin kama wuta gare shi. Magungunan ciwon daji safar hannu biyu ake sa musu, garin nano busasshe kuma ba a buɗe shi a fili.

In kin zo gida ranar Asabar ki taho da takardar tsarin binciken mu duba tare kafin ki miƙa. Umminki da ƙannenki suna gaishe ki.

Wassalam,
Babanki.