Amsa ga Baba Saje: rundunar Hälsinge ba tawaye ta yi ba

Assalamu alaikum Baba, da fatan kuna lafiya, ku da iyali.

Ranar da aka yi hira da ni a rediyo kan karatu a ƙasashen waje, na ambata cewa jami'ar da na yi karatu a garin Gävle na ƙasar Suwidin tsohon barikin soja ce. Sai kuka bugo waya, kuka ce ku tsohon saje ne, kuka tambaya: wane laifi rundunar ta yi har aka tashe ta aka ba 'yan makaranta ɗakunanta, tawaye ta yi ko kashi ta sha a fagen daga? Kafin in buɗe baki mai gabatarwa ya ce lokaci ya yi halinsa. Tun da a bainar jama'a kuka tambaya, bari in biya bashin a bainar jama'a.

Tawaye dai ba ta yi ba. Majalisar dokoki ce ta zauna a 1996 ta ce tun da Tarayyar Sobiyet ta wargaje, sojan ya yi wa aljihun ƙasa yawa, sai aka rufe rundunar a ƙarshen 1997 tare da wasu 'yan uwanta. Kashi kuwa ta sha shi, ba sau ɗaya ba, amma bai taɓa zama ajalinta ba. Wannan shi ne abin da nake so in tsaya a kansa.

Sunanta Hälsinge, lambarta 14 a jerin rundunonin sojan ƙasa. Daga larduna biyu na arewa take ɗibar mutanenta, Hälsingland da Gästrikland, ƙasar dazuzzuka da dogon hunturu. A 1630, zamanin Sarki Gustav Adolf, ta tsaya da ƙafafunta, kuma tana cikin rundunoni 20 na sojan ƙasa da dokar mulki ta 1634 ta lissafa.

Na san kuna hango bariki da ƙofa da mai gadi. To, fiye da shekara 200 ba ta da shi. Tsarin da Sarki Karl na 11 ya kafa a 1682 ya ɗora wa manoma nauyin soja. Gonaki biyu ko uku ko huɗu za su haɗu su samo namiji ɗaya mai lafiya, su gina masa ɗan gida, su yanka masa fegi, su ba shi iri da itacen girki. Shi ne sojansu. A sakamakon haka sarki ba zai zo ya kwashi 'ya'yansu da ƙarfi ba. Hafsoshi ma gona ake ba su a cikin yankin kamfaninsu maimakon albashi. Kamfani 8, kowanne mutum 150, jimla 1,200. Soja yana noma kamar kowa, ran Lahadi bayan an tashi coci a yi ɗan fareti, sannan a tara runduna duka don atisaye a wani fili mai suna Mohed, kusa da garin Söderhamn, wanda suka yi amfani da shi tun 1689.

Ga wani abin da zai ba ku dariya. Da yake rabin kamfani Andersson ne ko Eriksson, kyaftin ne ke raɗa wa kurtu sabon suna: Rask, wato mai hanzari, Modig, jarumi, Svärd, takobi, Stål, ƙarfe. Sau da yawa sunan na gurbin ne ba na mutumin ba, in wannan ya mutu wanda ya gaje shi ya ɗauka. Har yau akwai iyalai da ke amsa waɗannan sunaye.

Yanzu ku ji yadda aka gwada tsarin. A 1700 suna cikin waɗanda Sarki Karl na 12 ya auka wa Rashawa da su a Narva ta ƙasar Estoniya ta yau, cikin guguwar dusar ƙanƙara, suka tarwatsa mayaƙan da suka ninka su sau uku ko fiye. Suka zauna a yankin Baltik ƙarƙashin Janar Lewenhaupt, suka ci nasara a Gemauerthof a 1705. A 1708 aka tura su da ayarin kekunan abinci da harsasai su iske sarki, Rashawa suka tare su a Lesnaya, ayarin ya salwanta. Shekara na zagayowa aka yi Poltava a ƙasar Yukren ta yau, kuma daga nan wanda bai mutu ba ya zama fursunan yaƙi. Runduna ta ƙare ke nan.

Sai takarda ta iso ƙauyuka: kowane gurbi a cike shi. Manoma suka sake nemo mutane, aka ɗinka kaki, sabuwar Hälsinge ta haye teku ta yi nasara kan sojan Denmak a Gadebusch, arewacin Jamus ta yau, a 1712 ƙarƙashin Janar Magnus Stenbock. A 1713 aka yi musu ƙawanya a Tönning, suka miƙa wuya. Takarda ta sake zuwa.

Karo na ukun ya fi ciwo. A 1718 aka sa su cikin mayaƙa kusan 10,000 da Janar Armfeldt ya nufi Trondheim ta ƙasar Norwe da su. Garin bai ciwu ba, abinci ya ƙare, tufafi suka yage. Ana haka labari ya zo harsashi ya kashe Sarki Karl na 12 a ganuwar Fredriksten da ke kudancin Norwe. Armfeldt ya zaɓi yanke ta kan duwatsu zuwa gida, a daidai shigowar 1719, sai guguwar ƙanƙara ta rufe su a inda babu itace balle mafaka. Suka ƙona kotar bindigoginsu don jin ɗumi. Mutum wajen 3,000 suka daskare a kan duwatsun, wasu a zaune gefen wutar da ta mutu, ba tare da abokin gaba ya harba ko harsashi ɗaya ba. Ba duka 'yan Hälsinge ba ne, da yawansu 'yan Finlan ne, amma sun ba da kasonsu.

Baba, a nan nake saɓawa da masu yabon tsarin ba ƙaƙƙautawa. Gaskiya ne runduna ba ta mutuwa muddin ƙauye na nan, amma wa ya biya? Gonar da ta ba da namiji uku cikin shekara 10 ta rasa mai riƙe garma. Matar sojan da ya mutu kuwa dole ta kwashe 'ya'yanta ta bar gidan, don na gurbi ne, sabon soja zai shiga. Kuma a 1721 jiragen ruwan Rasha suka bi gaɓar tekun suka cinna wa Söderhamn da Hudiksvall wuta, garuruwan da suka haifi sojojin.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Sun yi yaƙin 1808 zuwa 1809 da Suwidin ta rasa Finlan, kuma tun 1814 ƙasar ba ta sake shiga yaƙi ba. A 1901 aka soke tsarin manoma, aka koma ɗaukar duk saurayi aikin soja na tilas. A 1909 rundunar ta tare a barikin Gävle, wanda na zauna a azuzuwansa. A ganina tun ranar ƙaddararta ta sauya hannu. Da tana rataye a wuyan ƙauyuka, babu mai iya share ta. Da ta koma gini da albashi, sai ta zama layi ɗaya a kasafin kuɗi, kuma abin da Rasha da Denmak da sanyin duwatsu suka kasa, 'yan majalisa suka yi shi da ƙuri'a.

Ko sun yi daidai? Su da kansu sun ciji yatsa. Sun dakatar da aikin soja na tilas a 2010, Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014, suka dawo da shi a 2017. Rundunar maƙwabtansu ta Dalarna, mai lamba 13, da aka rufe a 2000, an sake kafa ta a garin Falun a 2021, kuma a Maris na 2024 ƙasar ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO. Lamba 14 dai ba ta samu wannan rabon ba. In ma an sake kafa ta, sai a nema mata wani masaukin, don ɗalibai sun riga sun cika nata.

A gaishe min da tsofaffin abokan aikinku in kun haɗu wurin karɓar fansho. Allah ya ƙara girma da lafiya.

Ɗanku, wanda kuka tambaya a rediyo.