Wasiƙa zuwa ga ɗana kafin a sa rana

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Saƙonka ya iso, mun ji ka ga yarinya a ikkilisiyarku har kana so a tura manya. Mun yi murna. Amma kafin kawunnanka su taka ƙofar gidansu, akwai abubuwan da ake gabatarwa, in aka bar su a baya sai kunya ta hana gyara.

Ku fara da asibiti, ku biyu. A yi muku gwajin sikila, da na ƙanjamau, da na ciwon hanta, a duba rukunin jininku. In kai AS ne ita ma AS, wato kuna ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, kowane ciki da za ta ɗauka yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS, wato ciwon sikila. Mutane kan ɗauka cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai kamu. Ba haka ba ne, kowane ciki da nasa lissafin, ana iya jera uku. Ku maimaita gwajin a wani wuri dabam, don ana samun kuskure. Ku yi shi yanzu, tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba, domin da zarar dangi sun ci sun sha, janyewa sai mai ƙarfin hali. Wanda ya ce maka gwaji rashin bangaskiya ne, ka tuna masa Luka da ya rubuta Bishara likita ne.

Daga nan sai fasto da dattawan ikkilisiya. Su ji daga bakinka kafin a tsai da rana, kada su tsinta a katin gayyata. Za su zaunar da ku koyarwar aure, a kuma yi shela a sujada, yawanci Lahadi uku. A wajen gwamnati, ana liƙa sanarwa a ofishin rajistar aure ta yi kwana 21, a ɗaura auren cikin wata uku da ba da sanarwar, in ya wuce a sake sabuwa. Ka san abin da kake sa wa hannu: auren mace ɗaya ne, a gaban Allah da gaban doka.

Na faɗi wannan ne saboda ranar da haihuwa za ta yi jinkiri, in Allah ya nufa haka. Shawara za ta zo maka daga masu ƙaunarka, cikin murya mai taushi. Ishaku ya auri Rifkatu yana da shekara 40, tagwayensa suka zo yana da 60, bai ƙara mata ba, roƙo ya yi dominta. In shekara ta cika shiru, ku je likita tare, a duba ka kamar yadda za a duba ta. Sau da yawa matsalar tana wajen namiji, amma mace ake nunawa da baki.

Biki kuwa, kada ka ci bashi dominsa. Ka biya hayar shekara, ka ajiye buhun hatsi, abin da ya rage shi ne girman bikinka.

Bari matarka ta san albashinka, adadinsa na gaskiya. Ranar da ya shigo ku zauna da biro da takarda: zakka da baiko, kason haya, cefane, ajiya, sannan aike. Abin da za ka aiko mana ta sani, iyayenta ma su sami nasu. Aike a ɓoye shi ke haɗa suruka da matar ɗa faɗa, alhali su biyun ba su da laifi. Farawa 2:24 ta ce mutum zai rabu da mahaifinsa da mahaifiyarsa ya manne wa matarsa. Mu ne ake nufi, ni da mamanka, kuma mun yarda. Ƙannenka kada wanda ya tare a gidanku a shekarar farko.

In kun saɓa, kada ka kira mamanka. Kai za ka huce kafin safiya, ita za ta riƙe maganar shekara biyar. Ku gama a ɗakinku kafin barci, yadda Afisawa 4:26 ta koyar. In ta fi ƙarfinku, ku zaɓi dattijo ɗaya da matarsa waɗanda ku biyun kuka amince da su, ku je tare. Hannu kuwa, ko sau ɗaya kada ka ɗaga mata.

Addu'ar iyali ku sa ta gajera, minti goma bayan tuwon dare: waƙa ɗaya, ayoyi kaɗan, yau kai ka yi addu'a gobe ita. Mai tsawo ba ta kai wata guda ake barinta.

In sakamakon gwajin ya fito ka kira ni, sai in sanar da kawunnanka su shirya tafiya bayan girbi. Mamanka tana gaishe ka, ta ce ka turo hoton yarinyar.

Ubangiji ya kiyaye ka.

Babanka