Wasiƙa daga Sakkwato: ni da ribit

Assalamu alaikum mutumina,

Ya aiki, ya iyali, ya sanyin can? Mu nan zafi ya kankama, tun goma na safe ba ka iya aza hannu bisa ƙarfen da ya sha rana. Inna tana gaishe ka, ta ce tun da ka tahi ko muryarka ba ta ji ba.

Maganar nan da munka yi kafin tafiyarka, ta ƙaramin jirgin sama da ake sayen kayansa a akwati mutum ya haɗa a gida, to ban bar ta ba. Kayan dai ban saya ba, da tsadar dala yanzu ba nan kusa ba, amma wata huɗu ke nan ina koya ma hannuna aikin da guntayen alminiyam, bayan la'asar in an tashi gareji.

Wallahi na zaci shekarun da na yi ina fanal bita za su ɗauke ni, ashe su ne sunka fi ba ni wahala. Mu mun saba da guduma da walda, in abu ya ƙi zama ka tilasta shi, ka shafe da foti ka fesa fenti, shi ke nan. Nan babu wannan. Fatar jirgin fallen alminiyam ce mai lamba 2024-T3, wani wurin kaurinta bai fi inci 0.025 ba, kusan rabin milimita da ɗan ɗoriya, kuma ba a yi mata walda don wuta na kashe ƙarfinta. Ko zane ba a yi da ƙusa yadda muke yi, don ɗan karcen nan shi ne inda tsagewa za ta fara in jijjigar inji ta daɗe tana aiki. Fensir ma an hana, baƙinsa na jawo ma alminiyam ci irin na tsatsa, sai dai alƙalamin maka.

Duk aikin a rami yake. Ka jera fallen biyu, ka huda, ka riƙe su da wani ɗan maƙalli mai sifirin da ake kira kiliko, sai ka sake wargaza komai ka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya kana share kaifin da bakin dirila ya bari, gaba da baya, sannan ka lotsa bakin kowane rami don kan ribit, wato 'yar ƙusar da ke haɗe fallayen, ya kwanta daidai da fata iska ba ta samu abin kamawa ba, sannan ka sake haɗawa. Ribit na inci 3/32 bakin dirila mai lamba 40 yake so, na 1/8 kuma lamba 30. Daga tsakiyar rami zuwa bakin falle kada ya gaza kaurin ribit sau biyu. Kafin bugu jelarsa ta leƙo kamar kaurinsa ɗaya da rabi, bayan bugu ta baje faɗin ɗaya da rabi, tsayi rabi. Na rubuta wannan a bangon shago da alli.

Bugun mutum biyu yake so, ni da bindigar iska a gaba, babban ɗana ya tokare da dunƙulen ƙarfe ta baya. Ranar farko cikin 30 sai da na huda 14 na cire, wasu sun karkace, wasu bindiga ta zame ta yi ma fallen tabo. Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Amma makon jiya mun buga layi guda na shafa da yatsa ban ji komai ba, sumul, yaron nan ya dube ni yana murmushi, ni kaina sai da na ji ƙwalla.

Ka san abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa? Jirgin Air Beetle ɗin nan da sojojin samanmu sunka koyi tuƙi da shi, tushensa RV-6A ne na kamfanin Van's na Amurka, guda 60 anka haɗa a Kaduna. Hannun mutanenmu ya taɓa wannan aikin ke nan. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga jirgin CH 750 na kamfanin Zenith, shi alminiyam ɗinsa mai lamba 6061-T6 ne wanda ya fi jure ci, kuma yawancin ribit ɗinsa jan su ake yi da filayar hannu maimakon bugu, mutum ɗaya ya isa, ba sai an jira NEPA ta kawo wuta don kwamfaresa ba. Ga shi ba ya son dogon fili wurin tashi. Batun izini kuwa sai na je wurin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, kafin in kashe kuɗi, ba zan yi abu a ɓoye ba.

Yanzu ga roƙona. In za ka zo da sallah, don Allah ka taho min da kiliko, fararen na 3/32 ko 50 ne, jajayen na 1/8 ko 25, da filayarsu, da bakin dirila 40 da 30 kamar biyar biyar. Na zagaya babbar kasuwa har Maƙera Assada, na milimita kawai ake samu, kuma ramin ko ya matse ko ya yi sako-sako. Ka faɗa min kuɗin in ba ƙanenka a nan.

Ka gaida uwargida da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
abokinka na Sakkwato